Linea Mini a Yamai: abin da injin yake iyawa da abin da ya bar wa mai shi

Injin Linea Mini na kamfanin La Marzocco yana cikin injunan kafe na gida mafi tsada da ake sayarwa, kuma duk wanda ya gan shi a girke a gidana a nan Yamai, da zarar ya ji kuɗinsa, tambaya ɗaya yake yi: shin abin da yake zubowa cikin ɗan finjali ya kai wannan dukiya? Amsata ita ce injin yana yin aikin da aka ƙera shi dominsa, da ingancin da ban gani ba a wani injin gida, sai dai aikin nasa kashi ɗaya ne daga cikin abubuwan da suke haɗuwa su ba da espireso mai kyau. Sauran, wato niƙa da ƙwayar kafe da ruwa da wutar lantarki, duk a wuyan mai gida suke, kuma a garinmu kowannensu yana da tasa wahalar.

Mafi yawanmu a Nijar mun san kafe ne ta garin Nescafé da mai shayi yake kaɗawa da madarar gwangwani da safe. Wannan gari an riga an dafa shi a masana'anta an busar, ruwan zafi narkar da shi kawai yake yi. Espireso kuwa soyayyar ƙwayar kafe ake niƙawa a lokacin da za a sha, a danne garin cikin ɗan kwandon ƙarfe mai ƙananan huda, sannan inji ya tura ruwan zafi ya ratsa shi da matsin da ya kai bar 9, kimanin ninki tara na nauyin iskar da ke kanmu, cikin abin da bai wuce rabin minti ba. Abin da yake fitowa ɗan kaɗan ne, mai kauri, da kumfa ja-ja a samansa. A Italiya aka ƙirƙiro wannan hanya. Angelo Moriondo ya yi rajistar injin da ke aiki da tururi a Turin a 1884, Achille Gaggia na Milan ya fito da inji mai hannun ja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ɗaga matsin har kumfar ta bayyana, sannan a 1961 kamfanin Faema ya sa injin tura ruwa na lantarki a samfurinsa E61, daga nan bar 9 ya zama ƙa'ida. Cibiyar da ke kula da ingancin espireso a Italiya ta tsayar da ma'auninta a giram 7 na gari, mililita 25 na abin sha, cikin kimanin sakan 25.

La Marzocco kamfani ne da ƴan'uwa biyu, Giuseppe da Bruno Bambi, suka kafa a birnin Florence a 1927, kuma abin da ya fito da sunansa shi ne injin da ya ƙera a 1970 mai tukunya biyu, ɗaya ta ruwan kafe, ɗaya ta tururi, kowace da nata zafin. Linea Mini, wanda ya fito a 2015, ƙanin babban injin Linea ne da ake gani a shagunan kafe na ƙasashe da dama, an rage masa girma ya dace da ɗakin girki, amma an bar masa wannan tsari na tukunya biyu.

Nauyinsa ya kai kimanin kilo 30, don haka sai mutum biyu sun kama, kuma yana bukatar teburi mai ƙwari wanda ba ya rawa. Tukwanensa na ƙarfe ne marar tsatsa, ta tururi tana ɗaukar kimanin lita 3, ta kafe kuwa ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai rubu'in lita ba, an haɗe ta da bakin da ruwa yake fitowa. Tankin ruwa na lita 2.5 yana ta gaba, a bayan farantin da ke tare ɗigo, sai an zare farantin ake cika shi, kuma wanda yake so yana iya haɗa injin da bututun pompo kai tsaye. Ludayin da ake zuba garin a ciki faɗinsa milimita 58 ne, daidai da na injunan shago, abin da ya sa kwanduna da madanni da sauran ƙananan kaya na kamfanoni da yawa suke shiga. Akwai agogon matsi guda biyu a fuskarsa. Hannun da ake turawa gefe domin sakin ruwa yana da kyan gani da daɗin riƙo, amma mai saye ya sani makunni ne kawai, ko ya buɗe ko ya rufe, ba ya rage gudun ruwa ko ƙara shi yadda wasu injuna suke yi. Injin tura ruwansa irin mai juyawa ne, ƙararsa kaɗan ce, mutum yana iya haɗa kafe bayan sallar asuba bai tashi yara ba.

Inda kuɗin injin yake bayyana shi ne wajen tsare zafin ruwa. Garin kafe yana da abubuwa da yawa da ruwa yake narkarwa, kuma ba tare suke fitowa ba: masu tsami su ne kan gaba, sai masu zaƙi da garɗi, masu ɗaci da bauri su biyo daga baya. Idan ruwan bai yi zafi sosai ba tsami ne zai rinjaya, idan ya zarce ɗaci ya danne komai, kuma tazarar da ke tsakani ba ta wuce ƴan digiri kaɗan ba, galibi daga 90 zuwa 96. A ƙananan injuna masu tukunya ɗaya zafin yana hawa yana sauka, finjalin farko ya fito daban, na biyu daban, mai haɗawa ya rasa ko laifin niƙa ne ko na ruwa. A Linea Mini, idan na tsayar da shi a digiri 93, a nan yake zama, ko finjali ɗaya na haɗa ko na baƙi cike da falo. Wannan ne babban abin da nake yaba masa, domin idan ɗanɗano ya sauya na san ba daga injin ba ne, sai in nemi dalilin a wani wuri. Yana bukatar kimanin minti 15 zuwa 20 bayan kunnawa kafin ƙarfen ludayin ya ɗauki zafi, kuma a bar ludayin a maƙale a jikinsa a wannan lokaci, domin ludayi mai sanyi yana shanye zafin ruwan kafin ya taɓa garin.

Tururinsa yana da ƙarfin na shago. Madarar finjali ɗaya tana yin laushi da ƙananan kumfa cikin sakan kaɗan, har sabon hannu yakan ga ta wuce shi kafin ya ankara, kuma saboda tukunya biyu ana iya tatsar kafe ana dumama madara a lokaci guda. A tsaya a digiri 60 zuwa 65, bayan haka zaƙin madarar yana gushewa. Madarar kwali mai cikakken maiƙo ita ce ta fi sauƙi, madarar gari da aka dama da ruwa mai sanyi ma tana tashi, ko da yake kumfarta ba ta daɗewa. Wanda yake sayen madarar shanu daga Fulani ya tafasa ta tukuna ta huce, domin ɗan zafin da tururi yake ba ta bai isa ya kashe ƙwayoyin cuta ba.

Injin ba ya niƙa. Wannan magana ce da ya kamata mai sayarwa ya fara da ita, domin mutum yana iya kashe miliyoyi a kan inji ya kawo garin kafe na leda da aka niƙa watanni da suka wuce, ya ga ruwa ya ratsa shi cikin sakan goma, abin da ya fito lami, babu kauri babu kumfa. Matsin bar 9 ba ya samuwa sai garin ya tare ruwan, kuma laushin garin ne yake tarewa. Saboda haka ana bukatar injin niƙa mai faifan ƙarfe biyu da suke murƙushe ƙwayar daidai wa daida, wanda ake iya matsar da tazarar faifansa kaɗan-kaɗan, ba irin mai wuƙa da ake markaɗa yaji da shi ba, wanda yake fitar da wani sashe liƙis wani sashe ɓarza. Ina amfani da Eureka Mignon, ƙirar Italiya, kuma ya wadatar da ni. Akwai kuma na hannu masu kyau, irin na kamfanin 1Zpresso, waɗanda suke da wata fa'ida a wurinmu tunda ba ruwansu da wuta. Da za a ce in zaɓi tsakanin babban inji da ƙaramin maniƙi, ko matsakaicin inji da maniƙi na ƙwarai, na biyun zan ɗauka ba tare da jinkiri ba.

Ma'aunin da nake farawa da shi ga kowace sabuwar ƙwaya shi ne giram 18 na gari, giram 36 na abin sha, cikin sakan 25 zuwa 30 daga lokacin da aka saki ruwa. Wajen gari, wannan ya ninka ma'aunin Italiya na finjali ɗaya da ɗan ɗori, kuma shi ne yawancin shagunan zamani suke bi. Sikeli ƙarami mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram wajibi ne, a auna garin kafin a zuba, a kuma ɗora finjalin a kansa lokacin tatsa, domin ido yana ruɗuwa da kumfa: sabuwar ƙwaya tana cika finjali da kumfa alhali ruwan da ke ƙasa kaɗan ne. Idan giram 36 ya cika a sakan 15 kuma harshe ya ji tsami mai kaifi, garin ya yi tsaki, a ƙara masa laushi. Idan ya ɗauki sakan 45 yana ɗiga da ƙyar, ga ɗaci da bauri da ke busar da baki, garin ya yi laushi da yawa, a sassauta. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, kuma niƙa ce farko, sai ta daidaita a taɓa yawan ruwan ko zafinsa. Ƙwaya mai duhun suya tana son ruwa mai ɗan sassauci, kusan digiri 90 zuwa 92, da ɗan gajeren tatsa, mai hasken suya kuwa tana son 94 ko 95, a kuma bar ruwan ya ƙaru zuwa giram 40 ko 45. Agogo jagora ne kawai. Na sha kafe mai daɗi da ya fito a sakan 22, na kuma sha marar daɗi da ya cika sakan 28 cif.

Akwai wata matsala da ta fi niƙa wuyar ganewa, ita ce ruwa ya sami ɓaraka a cikin garin. Ruwan da ke ƙarƙashin irin wannan matsi inda ya fi sauƙi yake bi, kamar ruwan damina da ya sami zaizaya a gona, ya kwarara ta nan ya bar sauran ƙasar a bushe. Sashen da ya bi ya tatsu fiye da kima ya ba da ɗaci, sashen da ya bari ya ba da tsami, sai a ji duka biyun a finjali ɗaya, mutum ya rasa ta inda zai gyara. Maganinsa a hannu yake: a wargaza dunƙulen garin da siririn ƙarfe kamar allura, a baje shi ya kwanta daidai har gefe, sannan a danne da madanni a miƙe, ba a karkace ba. Ƙarfin dannawa bai kai daidaitonta muhimmanci ba, da zarar garin ya daina nitsewa an gama. Ludayi marar gindi, wanda ake ganin ƙasan kwandon a fili, yana nuna gaskiyar hannun mutum, domin idan akwai ɓaraka za a ga ruwa yana tsartuwa gefe. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Matter ta buga a 2020, wanda Christopher Hendon na Jami'ar Oregon yake cikin marubutansa, ya nuna cewa idan laushin gari ya wuce wani mataki, abin da ake tatsowa raguwa yake yi maimakon ƙaruwa, saboda garin yana toshewa ruwa ya kasa ratsa ko'ina. Wannan ya yi daidai da abin da harshena yake gaya mini, shi ya sa idan ina shakka nakan karkata wajen ɗan sassauta niƙa.

Ƙwayar kafe ita ce babbar wahalar mai wannan inji a Yamai. Ba a noman kafe a Nijar, kuma abin da ya fi yawa a manyan kantunanmu shi ne wanda aka soya a Turai aka sa a leda, ya bi teku da hanyar mota kafin ya iso, sannan ya zauna a kanta. Kwanan watan da ke jikin ledar galibi na ƙarewar amfani ne, wanda ake sawa shekara ɗaya ko biyu bayan suya, alhali espireso ranar suya yake so a sani. Ƙwayar da aka soya tana riƙe da iskar kabon da take fitarwa a hankali, ita ce take zama kumfa a finjali, ita ce kuma take taimaka wa garin ya tare ruwa. A kwanakin farko iskar ta yi yawa, kafen yana fitowa da gardama, bayan mako ɗaya zuwa biyu ya natsu, daga nan zuwa mako shida yana kan ganiyarsa, sannan ƙamshin ya fara tafiya, man da ke jikinsa ya fara sauya wari. Zafinmu na Afrilu da Mayu, da yake haura digiri 40, yana gaggauta wannan lalacewa. Tsohuwar ƙwaya ko a wane inji aka sa ta, ruwa-ruwa take fitowa, kuma Linea Mini ba ya ɓoye aibinta, bayyana shi ma yake yi.

Abin da na ga yana aiki shi ne a nemi ƙwaya mai ranar suya a rubuce, ta hannun matafiya ko masu aiko da kaya ta jirgin sama, a raba ta cikin ƙananan kwalabe masu rufuwa gam, kowace ta ƴan kwanaki, a sa a sashen ƙanƙara na firigo. Ana iya niƙa ta da sanyinta. Kwalbar da aka fitar kada a mayar da ita, kuma idan wuta ta ɗauke kada a buɗe sauran, domin raɓar da ke sauka a kan ƙwaya mai sanyi ita ce take ɓata ta. Game da iri kuwa, kafen Kodebuwa da Togo mafi yawansa robusta ne, mai ɗaci da kauri da kumfa mai yawa, kuma sinadarin hana barci da ke cikinsa ya kusan ninka na arabika, ɗayan babban irin kafe. Mutane da yawa suna raina shi, ni kuwa ina ganin idan sabo ne kuma an soya shi da kyau yana da wurinsa, musamman da madara, kuma Italiyawan kudu sun daɗe suna gauraya shi a kafensu. Arabikar Habasha, irin ta yankunan Yirgacheffe da Sidama, tana da ƙamshin fure da ɗan tsamin lemo, kuma a kanta ne tsayayyen zafin wannan inji ya fi nuna amfaninsa, domin digiri ɗaya ko biyu yana raba tsami mai daɗi da tsami mai sa yamutsa fuska. Ga mai farawa, ƙwayar Barazil mai matsakaiciyar suya ta fi yafiya.

Yanayi ma yana shiga cikin finjali. A hunturu iska tana bushewa ƙwarai, garin da ke fitowa daga maniƙi ya riƙa tashi yana manne wa komai, kuma maganinsa ɗigon ruwa ɗaya ne a gauraya da ƙwayar kafin a niƙa. Da damina ta sauka laima ta ƙaru, ma'aunin niƙa da ya yi daidai a Fabrairu ba zai yi a Agusta ba, sai an sake nemansa. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina, har kan finjalan da ake jerawa a saman injin domin su ɗumama, saboda haka a rufe shi da ƙyalle bayan ya huce.

Ruwa shi ne abin da zai ƙayyade tsawon ran injin. Ruwa mai yawan sinadarin kalsiyam da magnesiyam, idan aka dafa shi a tukunyar tururi kullum, yana barin farin ƙanzo da ke toshe ƙananan hanyoyi ya rufe ƙarfen da ke dumama ruwan, ruwa mai gishirin kulorid kuma yana cin ƙarfe ko da marar tsatsa ne. Kamfanin ya ba da iyaka: taurin ruwa tsakanin miligiram 70 da 100 a lita, kulorid ƙasa da 30. Ruwan pompo na tsakiyar Yamai daga kogin Isa ake ɗebo shi a tace a Gudel da Yantala, kuma ruwan kogi ba shi da tauri sosai, abin da yake bukata shi ne matacin gawayi da zai cire warin maganin da ake sa masa. Ruwan foraj na unguwannin bayan gari wani abu ne daban, kowace rijiya da halinta, kada a zuba shi a injin sai an gwada da ƴar takardar gwajin tauri. Mai amfani da ruwan kwalba ya karanta takardar jikinta, ya ninka adadin kalsiyam sau 2.5, na magnesiyam sau 4.1, ya haɗa, abin da ya samu shi ne taurin ruwan. Ruwan da aka tace har ya rasa ma'adini baki ɗaya shi ma bai dace ba, domin kafen yana fitowa ba armashi, kuma na'urar da ke gane akwai ruwa a tanki da ma'adinin take aiki, idan babu sai ta ɗauka tankin ya ƙafe ta tsayar da injin. Na fi ba wannan batu nauyi a kan kowane, domin wanke ƙanzo daga tukunyar irin wannan inji aikin gwani ne, kuma gwanin ba a kowace unguwa yake ba.

Sai wuta. A sayi samfurin Turai mai aiki da bolt 220 zuwa 240, wanda ya dace da namu, kada a yarda da na Amurka mai bolt 120 ko da an same shi da rahusa. Yana jan kusan wat 1,800 lokacin da yake dumama tukwanensa, nauyin da ƙaramin gurup ko ƙaramin tsarin hasken rana ba zai ɗauka ba tare da firigo da fanka. A cikinsa akwai allon lantarki da ke sarrafa zafi, kuma abin da irin wannan allo ya fi tsoro shi ne wutar da ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, abin da kowa ya san yana yawaita a watannin zafi. Na'urar daidaita ƙarfin wuta mai ɗaukar ninkin abin da injin yake ja, da soket mai wayar ƙasa ta gaske, suna cikin kuɗin saye, ba ƙari ba ne. Inji ne na ƙarfe mai ruwa a ciki, kuma gidaje da yawa an ja musu wuta ba tare da wayar ƙasa ba, don haka a kira mai gyaran wuta ya duba kafin a kunna. Idan an ɗauke wuta a kashe makunninsa, sai ta dawo ta zauna a sake kunnawa.

Tsaftarsa ba ta da wuya idan an mayar da ita al'ada. A saki ruwa kaɗan bayan kowane finjali, a goge bututun tururi nan take kafin madara ta bushe a kansa, a sa kwando marar huda a mayar da ruwa baya kowace yamma, sau ɗaya a mako kuma a yi haka da garin wanki na injin kafe. Zoben robar da ludayi yake matsewa a jiki yana taurara cikin shekara ko ƙasa da haka, ruwa ya fara zuba ta gefe, kuma canza shi aikin minti kaɗan ne ga wanda yake da shi a ajiye. Duk mai yin odar injin ya haɗa da zobba da yawa, da rariyar bakin ruwa, da garin wanki na shekara, a cikin kaya ɗaya, domin ƙaramin abu irin wannan yana iya zaunar da inji na miliyoyi wata guda ana jiran mai zuwa.

Kuɗinsa a Turai yana kewayen yuro 5,000, kuma tunda yuro ɗaya yana daidai da sefa 656 ba ya motsi, abin ya haura miliyan 3 kafin a yi maganar dako da duwan da harajin kaya na kashi 19 cikin ɗari. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suna zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kilo 30 kuma a jirgin sama ba ƙaramin kuɗi ba ne. A ɗora maniƙi da sikeli da matacin ruwa da na'urar wuta, sannan ƙwayar da za a riƙa saye kowane wata.

Ga gidan da ake shan finjali da yawa a rana, ana son na madara, ana karɓar baƙi, kuma akwai hanyar samun sabuwar ƙwaya ba yankewa, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, kuma ina ba da shawararsa da zuciya ɗaya, haka ma ga ƙaramin ofis ko masauki mai ɗakuna kaɗan. Wanda yake son irin wannan ƙira a ƙaramin jiki ya duba Linea Micra da kamfanin ya fitar a 2022, wanda ya fi sauƙin nauyi da saurin ɗaukar zafi. Mai shan finjali ɗaya ko biyu baƙi da safe kuwa, ƙananan injuna irin Rancilio Silvia ko Gaggia Classic, waɗanda dukansu suke da ludayin milimita 58 kuma kuɗinsu bai kai yuro 1,000 ba, za su kai shi kusa ƙwarai idan ya haɗa su da maniƙi na kirki ya kuma koyi halin zafinsu. Wanda bai da tabbacin samun ƙwaya sabuwa, ko unguwarsu wuta ba ta zama, ya fara da butar moka ta kamfanin Bialetti, wato ƴar butar dafa kafe ta Italiya, da maniƙin hannu: matsinta bai wuce bar 2 ba, abin da take bayarwa ba espireso ba ne, amma kafe ne mai ƙarfi da ƙamshi, kuma tana aiki a kan gas ko gawayi.